Bitwarden, 1Password, KeePass ko ta Cikin Waya: Wace Za a Damƙa wa Kalmomin Sirri?

Duk wanda ya ɗan daɗe yana hulɗa da intanet ya tara asusu fiye da yadda zai iya lissafawa, tun daga imel da banki da shafukan sada zumunta har zuwa wani shafin da ya yi rajista sau ɗaya bai sake waiwayarsa ba. Tun da ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe kalmomin sirri masu wuya guda hamsin ko ɗari, abin da akasarin mutane ke yi shi ne su zaɓi ɗaya ko biyu su riƙa maimaitawa a ko'ina, kuma nan ne ɓarna take shigowa. A shekarar 2012 masu kutse sun shiga LinkedIn, aka zaci kalmomin sirri kusan miliyan 6.5 ne suka fita, sai a 2016 ta bayyana cewa asusun da abin ya shafa sun haura miliyan 100. Ɓarayin da suka sami irin wannan jeri ba sa tsayawa a shafin da aka sata, sukan ɗora wa na'ura aikin gwada kowane imel da kalmarsa a wasu shafuka, har su dace da inda mai shi ya maimaita ta.

Maganin da masana tsaro suka daɗe suna ba da shawara a kansa shi ne manhajar adana kalmomin sirri. Aikinta shi ne ta ƙirƙiro wa kowane asusu doguwar kalma ta daban wadda ba ta da ma'ana, ta ajiye su duka a wani rumbu da aka kulle da lissafi, sannan ta cike su da kanta idan an zo shiga. Abu ɗaya kawai mutum zai haddace, wato babbar kalmar sirrin da ke buɗe rumbun. Akwai kuma wani amfani da ba a cika ambata ba: manhajar ba ta cike kalmar sirri sai adireshin shafin ya yi daidai da wanda ta ajiye, saboda haka idan 'yan damfara suka kwaikwayi shafin banki, ido yana iya ruɗuwa amma ita za ta ƙi motsawa.

Tsoron da mutane ke yi na tara komai a wuri ɗaya tsoro ne mai tushe, kuma ba na ganin ya kamata a yi watsi da shi. A ganina ma shi ya kamata ya zama ma'aunin zaɓi. Kyan fuskar manhaja da yawan abubuwan da aka lissafa a shafin talla ba su kai tambayoyi biyu muhimmanci ba: idan aka sace rumbun, me ɓarawo zai samu a hannunsa, kuma ranar da mai rumbun ya manta babbar kalmarsa ko wayarsa ta ɓata, ta wace ƙofa zai koma ciki? Waɗannan tambayoyi biyu suna ja-in-ja da juna, domin duk abin da ya sauƙaƙa wa mai gida komawa yana iya sauƙaƙa wa ɓarawo shiga, kuma yadda kowane kamfani ya sasanta su shi ne ainihin bambancin da ke tsakaninsu.

Abin da ya faru da LastPass, wani kamfanin manhajar adana kalmomin sirri, a 2022 ya nuna cewa tambaya ta farko ba hasashe ba ce. A watan Agusta na shekarar aka kutsa cikin sashen da injiniyoyin kamfanin ke gina manhajar, aka kwashi bayanan fasaha. Daga nan maharan suka bi ɗaya daga cikin manyan injiniyoyi huɗu da ke da izinin shiga ma'ajiyar kamfanin, suka shiga kwamfutarsa ta gida ta wata tsohuwar manhajar kallon finafinai da ba a sabunta ba, suka dasa abin da ke naɗar duk harafin da ya latsa. A watan Disamba kamfanin ya amsa cewa an kwafe rumbunan abokan hulɗarsa. Kalmomin sirrin da ke ciki a kulle suke, amma adireshin shafukan da mutum ke da asusu a cikinsu a fili yake, tare da imel da lambar waya, wato ɓarawo ya san wane rumbu ne ya cancanci wahalar fasawa tun kafin ya fara.

Wani abin da ya fito fili a lokacin ya shafi yadda ake sarrafa babbar kalmar sirri kafin ta zama makulli. Ba kai tsaye ake amfani da ita ba, ana maimaita wani lissafi a kanta sau dubbai domin kowane gwaji ya ci wa mai cinke lokaci. LastPass yana amfani da tsarin PBKDF2, kuma tun 2018 adadin maimaicin sababbin asusu ya kai 100,100, amma an tarar da tsofaffin asusu da aka bari a kan 5,000, wasu ma ƙasa da haka. Da zarar rumbu ya shiga hannun ɓarawo, babu mai hana shi gwaji dare da rana a kan na'urorinsa, kuma tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lamba ko shaida bayan kalmar sirri, ba ta da amfani a wannan hali, domin ita ƙofar kamfani take tsarewa, shi kuwa ya riga ya fita da akwatin. Kamfanin ya ɗaga adadin zuwa 600,000 daga baya, ya kuma yi wasu gyare-gyare, amma ni dai ba zan ba wanda zai fara yau shawarar ya fara da shi ba, alhali ga waɗanda tsarinsu ya fi ƙarfi tun daga tushe.

1Password, wanda wani kamfani a Toronto ta ƙasar Kanada ya fara fitarwa a 2006, shi ne ya fi kowa ba tambaya ta farko amsa mai gamsarwa. Lokacin da mutum ya buɗe asusu, na'urarsa tana ƙirƙiro wani makulli na biyu mai haruffa da lambobi 34, wanda kamfanin ya raɗa wa suna Secret Key, kuma ba a aika shi zuwa kamfanin. Rumbun ba ya buɗuwa sai an haɗa wannan makulli da babbar kalmar sirri. Ma'anar haka ita ce, ko da za a kwashe duk abin da ke kan manyan kwamfutocin kamfanin, kuma ko da mai asusun ya zaɓi kalma mai rauni, ɓarawo zai tarar da makullin da cinkensa ya fi ƙarfin duk na'urorin da ake da su a yau. Wannan kariya ce ga mutane kamar yadda suke a zahiri, domin da yawa ba za su taɓa zaɓar kalma mai ƙarfi ba komai yawan gargaɗi.

Sai dai wannan ƙarfi yana da nauyinsa. Wanda ya rasa duk na'urorin da ya shiga da su, kuma bai ajiye takardar gaggawar da kamfanin ke bayarwa mai ɗauke da makullin ba, yana iya rasa rumbunsa baki ɗaya ko da bai manta babbar kalmarsa ba. A tsarin iyali abin ya zo da sauƙi, domin mai kula da asusun yana iya dawo wa ɗan gida da nasa. 1Password ba shi da tsarin kyauta, gwaji ne na ɗan lokaci sannan biyan kuɗi, kuma tun daga fitowa ta 8 ya daina barin mutum ya ajiye rumbu a kwamfutarsa kaɗai. Rubutun da aka gina manhajar da shi ma ba a buɗe yake ga kowa ba, sai dai a dogara da rahotannin masu binciken tsaro da kamfanin ke gayyata. A wajen sauƙin amfani kuwa, ban ga wadda ta fi shi ba, musamman ga gidan da ke da mutanen da ba su saba da fasaha ba. Yana kuma da tsarin tafiya, wanda ke cire wasu rumbuna daga waya na ɗan lokaci idan mutum zai ƙetare iyakar da ake binciken na'urori.

Bitwarden, wanda Kyle Spearrin ya fara a 2016, ya bi wata hanya dabam. Rubutun manhajarsa a buɗe yake, kowa na iya dubawa, kuma kamfanonin bincike irin su Cure53 na ƙasar Jamus sun sha tantance shi. Tsarinsa na kyauta ba na yaudara ba ne: babu iyaka ga yawan kalmomin sirri, babu iyaka ga yawan na'urori, yana aiki a Android da iPhone da Windows da Mac da Linux da kusan kowace burauza. Komai na cikin rumbu a kulle yake, har da adireshin shafuka. Adadin maimaicin lissafinsa ga sababbin asusu 600,000 ne, kuma tun 2023 ana iya sauyawa zuwa Argon2id, tsarin da aka gina shi domin ya cinye ƙwaƙwalwar na'ura da yawa, ta yadda injinan da ake haɗawa don cinken kalmomin sirri ba sa samun saurin da suka saba samu.

Abin da Bitwarden ya rasa shi ne makulli na biyu irin na 1Password. Idan aka sace rumbu daga wajen kamfanin, babbar kalmar sirri ce kaɗai garkuwa, don haka nauyin ya dawo kan mai asusun. Ba abin fargaba ba ne ga wanda ya yi zaɓi mai kyau, amma wajibi ne a faɗe shi a fili. Fuskar manhajar ba ta kai ta 1Password laushi ba, wani lokaci cike fom yana buƙatar ƙarin latsawa, kuma idan babu intanet ana iya karanta rumbu amma ba a iya gyara shi. A tsarin biya akwai damar naɗa amintaccen mutum wanda zai nemi shiga rumbun idan wani abu ya faru, a ba shi bayan kwanakin da mai asusun ya ƙayyade sun wuce ba tare da ya hana ba. Wanda ya ƙware yana iya ɗora Bitwarden a kan kwamfutarsa maimakon ta kamfanin, ko da yake ba na ba kowa wannan shawara sai wanda ya san zai ci gaba da sabunta ta da yi mata kwafin ajiya shekara da shekaru.

Proton Pass sabo ne a fagen, a 2023 ya fito daga kamfanin Proton na birnin Janiba a Suwizalan, wanda aka fi sani da imel mai tsaro. Shi ma a buɗe rubutunsa yake, yana kulle kowane ɓangare na bayanai, kuma yana da tsarin kyauta mai amfani. Abin da ya bambanta shi shi ne adireshin imel na aro: yana ƙirƙiro wa kowane shafi adireshi na daban wanda ke tura saƙo zuwa na ainihi, ta yadda idan shafin ya zubar da bayanai sai a rufe wannan adireshin kawai. Abin lura shi ne rumbun yana rataye da asusun Proton, don haka wanda ke amfani da imel ɗinsu ya haɗa manyan abubuwa biyu a ƙofa ɗaya, sai dai idan ya kunna ƙarin kalmar sirrin da suka tanadar wa rumbun. Akwai wasu irin su Dashlane da NordPass da Keeper waɗanda suke aiki yadda ya kamata, amma ban ga abin da suke bayarwa ga mutum ɗaya wanda zai sa a tsallake ukun nan ba.

KeePass kuwa ba kamfani ba ne. Wani ɗan ƙasar Jamus mai suna Dominik Reichl ne ya fitar da shi a 2003, kyauta, kuma tsarinsa bai wuce fayil ɗaya kulle da ke zaune a na'urar mai shi ba. Babu rajista, babu imel, babu wata babbar ma'ajiya da ta tara rumbunan miliyoyin mutane har ta zama abin hari. Manhajoji da dama suna buɗe irin wannan fayil: KeePassXC a kwamfuta, KeePassDX a Android, KeePassium ko Strongbox a iPhone. Ana iya ƙara wani fayil na daban a matsayin makulli na biyu, ko makullin ƙarfe, wato ƙaramar na'urar tsaro da ake haɗawa da kwamfuta ko waya, irin YubiKey, wanda hakan ke ba da kariya mai kama da ta 1Password. Ga ɗan jarida ko lauya ko duk wanda ba ya son amanarsa ta ratsa hannun kowa, babu abin da ya kai shi.

Amma duk aikin da kamfani ke yi wa sauran, a nan mai rumbun ne zai yi da kansa. Shi zai nemi hanyar da fayil ɗin waya da na kwamfuta za su riƙa daidaita, shi zai warware rikici idan ya gyara su biyun a lokuta daban-daban, shi zai ajiye kwafi a wani wuri. Idan kwamfutar ta lalace babu kwafi, babu wanda za a kira. Na fi jin tsoron wannan asarar ga mutum na yau da kullum fiye da tsoron masu kutse, domin ita ta fi kusa da faruwa. Zaman fayil a gida kuma ba ya nufin babu kuskure a manhajar: a 2023 an gano wata ɓaraka a KeePass da ke ba wanda ya sami shiga ƙwaƙwalwar kwamfuta damar tsinto kusan dukan babbar kalmar sirri, aka toshe ta a fitowa ta 2.54.

Saura waɗanda suka zo a cikin waya da burauza, waɗanda su ne mafi yawan mutane ke amfani da su ba tare da sun zauna sun zaɓa ba. Na Google yana cikin Chrome da Android, na Apple kuma ya samu manhajarsa ta kansa mai suna Passwords a 2024, bayan shekaru yana ɓoye a cikin saituna. Ban yarda da masu raina su ba. Suna ƙirƙiro kalmomi masu ƙarfi, suna gargaɗi idan wata ta fita a kutse, kuma ba sa buƙatar a koyi komai. Wanda ya bar maimaita kalma ɗaya ya koma kansu ya yi babban ci gaba. Matsalarsu iri biyu ce. Ta farko ita ce ɗaurewa ga kamfani ɗaya: na Apple yana da daɗi muddin duk na'urorin mutum na Apple ne, ba ya aiki a Android, na Google kuma yana son a zauna a Chrome. Ko sauyin manufar kamfani ma yana iya tilasta ƙaura, kamar yadda Microsoft ya cire ajiyar kalmomin sirri daga manhajarsa ta Authenticator a 2025 ya mayar da ita burauzar Edge.

Ta biyu ta fi nauyi. A waɗannan tsare-tsare, lambar buɗe waya ita ce kusan makullin komai, don haka wanda ya leƙi lambar sannan ya ƙwace wayar yana iya kaiwa ga rumbun. Saboda irin wannan sata ne Apple ya ƙara wata kariya a farkon 2024 wadda ke tilasta amfani da fuska ko yatsa kafin a ga kalmomin sirri idan wayar ba ta wurin da ta saba, kuma ya kamata duk mai iPhone ya duba ko a kunne take. A ɓangaren Google, kulle kalmomin sirri da makullin da ke kan na'ura zaɓi ne da mutum zai kunna da kansa. A kwamfuta kuma, muggan manhajojin da ke satar bayanai sun fi kai hari ga abin da aka ajiye a burauza, ko da yake gaskiya ita ce babu rumbun da zai tsira a kwamfutar da ta riga ta kamu. Akwai wani abu da ya shafi iyali: wanda aka naɗa magajin asusun Apple yana samun hotuna da saƙonni bayan rasuwar mai shi, amma ba ya samun kalmomin sirri.

Game da sabon tsarin mabuɗin shiga da ba ya buƙatar kalmar sirri, wato passkey, wanda Apple da Google da Microsoft suka amince su mara wa baya a 2022, bai kamata ya sauya lissafin ba, domin kusan duk waɗanda aka ambata suna iya ajiye shi, kuma shafuka da yawa ba su karɓe shi ba tukuna. Batun da ya fi jawo muhawara shi ne ko ya dace a ajiye lambobin mataki na biyu, masu sauyawa kowane daƙiƙa 30, a cikin rumbu ɗaya da kalmomin sirri. Yin haka yana da sauƙi, kuma ya fi rashin mataki na biyun nesa ba kusa ba, amma idan rumbun ya faɗi, duka biyun sun tafi tare. Matsayata ita ce a ajiye na ƙananan asusu a ciki, a ware na imel da na banki da na rumbun kansa a wata manhaja dabam ko a makullin ƙarfe.

Idan aka tambaye ni zaɓi ɗaya ga mafi yawan mutane, Bitwarden zan ce, saboda ba ya ɗaure mutum ga wata waya, rashin kuɗi ba ya hana amfani da shi, kuma tsarinsa a fili yake. Wanda zai iya biya, musamman idan yana ɗauke da nauyin tsaron iyaye ko yara waɗanda ba zai iya tabbatar da ƙarfin kalmominsu ba, 1Password ya fi masa. Mai son raba imel ɗinsa da shafukan da yake rajista ya duba Proton Pass. KeePassXC na wanda ya riga ya saba yi wa bayanansa kwafin ajiya ne, ba wanda yake da niyyar farawa ba. Wanda kuma ya san duk wani ƙarin mataki zai sa ya watsar da abin, gara ya tsaya a kan na cikin wayarsa, ya tsawaita lambar buɗe ta, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunsa na Google ko Apple.

Kowace aka zaɓa, babbar kalmar sirri ce za ta ɗauki nauyin. Hanyar da ta fi inganci ita ce wadda Arnold Reinhold ya fito da ita a 1995 mai suna Diceware: jeri ne na kalmomi 7,776, ana zaɓo biyar ko shida daga ciki ta hanyar ƙuri'a, ba ta son rai ba, a jera su. Kalmomi shida da aka zaɓo haka sun fi ƙarfin cinke, kuma sun fi tarkacen alamomi sauƙin haddacewa. Sharaɗin shi ne kada su zama karin magana ko baitin waƙa ko sunayen 'ya'ya, kuma kada a taɓa amfani da su a wani wuri. A rubuta su a takarda tare da lambobin dawo da asusu, da makulli na biyu idan akwai, a ajiye inda ake ajiye muhimman takardu, a kuma sanar da mutum ɗaya amintacce inda take.

Wajen ƙaura daga tsohuwar ma'ajiya zuwa sabuwa akwai tarko ɗaya da ake yawan faɗawa. Fayil ɗin da ake fitarwa, wanda galibi nau'in CSV ne, yana ɗauke da dukan kalmomin sirri a fili ba tare da kulle ba. Da zarar an shigar da shi sabuwar manhajar kuma an tabbatar komai ya iso, sai a goge shi daga inda ya sauka da kuma kwandon shara, kada a tura shi ta imel ko manhajar hira. Bayan haka a fara sauya kalmomin da aka maimaita, a soma da ta imel, domin ta imel ake sake saita kalmar sirrin kusan kowane asusu, sannan ta banki, sauran kuma a riƙa gyara su ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka shiga shafinsu.